Yadda Ake Koya wa Yaro Namiji Zuwa Bayan Gida da Kansa

Duk uwar da ke sayen famfas a Bauchi yau ta san abin da ke sa a ƙosa yaro ya fara zuwa bayan gida da kansa. Mai ɗaura nafkin ita ma hannunta ba ya hutawa da wanki, ruwan ma sai an tsayar da 'yan ga-ruwa ranar da famfo bai kawo ba. Ga kuma bakin mutane: "Har yanzu Abba a wando yake yi? Ai 'yar wajen Goggo tun kafin yaye ta daina." Wannan matsin ne ke sa a hau yaro da tsawa da duka, alhali fitsari da kashi suna cikin abubuwan da babu mai iya tilasta wa yaro ya sake su ko ya riƙe. Abin da ke hannunki shi ne zaɓen lokaci, gyara wuri, kula da abincinsa, da irin fuskar da kike nuna masa. Idan waɗannan suka daidaita, shi zai ƙarasa sauran.

Na ware namiji ne domin yana da nasa. Galibi maza kan ɗan yi jinkiri fiye da mata da 'yan watanni, akwai batun tsugunno da tsayuwa, akwai kaciya, kuma fitsarin kwance ya fi yawa a cikinsu.

## Ki duba ko ya shirya

Iyayenmu mata suna da dabarar da har gobe tana aiki. Tun jariri yana 'yan watanni, uwa ta zauna ta miƙe ƙafafunta, ta ɗora shi a kai, ta riƙa yi masa "sss" har ya saki. Wadda ta saba da wannan ta ci gaba, yana rage wanki ƙwarai, kuma yana sa yaro ya haɗa sautin da abin da jikinsa ke yi. Sai dai a wannan matakin uwar ce ta gane lokacinsa. Shi bai riga ya iya jin matsuwa, ya riƙe, ya taka da ƙafarsa zuwa wurin ba. Shi ya sa za ki ga yaron da ake yabo tun yana goye, da ya fara tafiya ya koma yi a tsakar gida, sai a ce iskanci ya koyo. Ba haka ba ne, yanzu ne ma karatun zai fara.

Yawancin yara sukan nuna alamar shiri tsakanin wata 18 da shekara 3, kuma maza da dama sai sun haura shekara 2 sosai. Ki lura ko yana iya kai kamar awa 2 bai jiƙa ba, ko yana tashi daga barcin rana a bushe. Ki lura ko kashinsa ya samu lokaci, misali kullum bayan ya sha kokon safe. Yaron da ya shirya yakan laɓe bayan ƙofa ko gefen gado idan zai yi, ko ya tsaya cak a tsakiyar wasa fuskarsa ta canja, ko ya zo yana jan famfas ɗinsa don ya dame shi. Yana fahimtar ƙaramin aike kamar "ɗauko takalminka", yana iya tsugunnawa ya miƙe ba tare da ya faɗi ba, yana ƙoƙarin sauke wandonsa. Ba sai duka sun cika ba, amma idan babu ko ɗaya, ki bari a yi wata guda ko biyu ki sake dubawa. Wadda ta fara kafin yaro ya shirya ba ta riga kowa gamawa, wahalar ce kawai ke tsawo.

## Zaɓen lokaci

Kada ki haɗa wannan da wani babban sauyi. Idan za a yaye shi, musamman in za a kai shi gidan kaka, a bari ya dawo hankalinsa ya kwanta. Idan haihuwarki ta kusa, ki fara da wuri sosai ko ki bari sai bayan kin yi arba'in, domin yaro yakan koma baya idan aka yi masa ƙani. Haka ma tashi daga gida, ko zazzaɓi, ko gudawa. Idan ba a yi masa kaciya tun yana jariri ba kuma ana shirin yi, a gama ta warke sarai tukuna. Yaron da ya fara sanin fo a makon da fitsari ke yi masa zafi zai daɗe yana gudunsa.

A yanayin Bauchi, ni a ganina bazara ce ta fi, wato wajen Maris zuwa Mayu. Yaro na iya yini da singileti da ɗan kamfai, kuma abin da kika wanke kafin la'asar ya bushe. A hunturu kaya sun yi masa yawa, kafin a cire suwaita da dogon wando aikin gama ya gama, ruwan tsarki kuma ga sanyi. Da damina shanya ce matsalar. Amma in yaro ya nuna ya shirya a watan Disamba, kada ki ce sai zafi ya zo. Ki surka masa ruwan ɗumi a buta ki fara.

Ki nemi kwana 3 zuwa mako guda da ba biki, ba suna, ba unguwa. Ma'aikaciya ta fara ranar Juma'a da yamma ko lokacin hutu.

## Kayan aiki

Fo na roba, wanda gindinsa ke da faɗi don kada ya kife, kuma ƙafafun yaron su taka ƙasa idan ya zauna. Ga namiji ki nemi wanda gabansa ya ɗan ɗago, shi ne ke tare fitsari. Ana samu a kasuwannin Wunti da Muda Lawal da shagunan kayan roba na unguwa. Sai kamfai ko gajerun wanduna masu roba a ƙugu, kamar 8 zuwa 10, masu ɗan yalwa. Wando mai mazagi ko maɓalli ko zif a ajiye shi sai an ƙware. Sai 'yar ƙaramar buta tasa shi kaɗai, wadda hannunsa zai iya ɗagawa, da sabulu, da leda mai kauri ta shimfiɗa a kan katifa, da 'yan silifas na shiga bayi.

Ki kawo fo ɗin gida kwanaki kafin a fara. Ki bar shi ya taɓa, ya zauna a kai da wandonsa, ki gaya masa amfaninsa. Ki ajiye shi wuri guda mai inuwa kusa da makewayi, inda zai isa da gudu.

Sannan ki zauna da mutanen gida. Kalma ɗaya za a riƙa amfani da ita, ko "fitsari" da "kashi", ko "fo", duk wadda kuka zaɓa. Idan kuna tare da surukarki, ki kai mata maganar da ladabi: "Hajiya, za mu fara koya wa Abba fo. In ya yi a ƙasa don Allah kada yara su yi masa dariya, a kira ni kawai." Kakar da aka sa a cikin shirin ta fi kowa taimako, domin ita ce ke zaune tana ganin duk motsinsa.

## Kwanakin farko

Da ya farka da safe, ki cire famfas ki kai shi fo kai tsaye, domin a lokacin mararsa a cike take. Daga nan ki sa masa kamfai, ko ki bar shi da riga mai ɗan tsawo kawai in cikin gida ne. Dalilin cire famfas da rana shi ne yana tsotse jiƙa har yaro bai san ya yi ba. A kamfai kuwa zai ji ɗumin yana bin ƙafarsa, kuma da wannan jin ne zai fara gane abin da ke zuwa kafinsa.

Ki riƙa kai shi duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa 2, da kuma minti 15 zuwa 30 bayan cin abinci, saboda cikar ciki tana motsa hanji. Ki kai shi kafin barci da bayan ya tashi. Kada ki tambaye shi "Kana jin fitsari?", ɗan shekara 2 amsarsa "a'a" ce ko da yana rawar matsuwa. Ki ce, "Babana, zo mu je fo, mu dawo ka ci gaba da motarka." Ki zauna kusa da shi kuna hira. Minti 3 zuwa 5 ya isa. In bai yi ba, ki ɗaga shi ba tare da ɓata rai ba, ki sake gwadawa nan da rabin awa. Zaunar da yaro a fo har ƙafarsa ta yi sanyi, wai ba zai tashi ba sai ya yi, ya mai da wurin kurkuku.

Ranar da ya yi a ciki, ki nuna masa farin cikinki, ki faɗi ainihin abin da ya yi: "Madalla! Ka ji fitsari ka zo fo." Idan babansa ya dawo a ba shi labari a gaban yaron. Wannan ya fi alewa, domin alewa in an saba, ranar da babu ita sai a yi rigima.

Ki ba shi ruwa sosai a waɗannan kwanaki. Wasu suna rage wa yaro ruwa don ya rage jiƙa wando, wannan kuwa kuskure ne mai haɗari a zafin Bauchi.

## Tsugunno, da aikin uba

Yaro namiji ya fara da zama a fo ga fitsari da kashi duka. Sau da yawa tare suke zuwa, kuma wanda aka koya wa fitsari a tsaye tun farko yakan ƙi zama idan kashi ya zo. Ki koya masa ya matsa baya sosai, ya buɗe ƙafafu, ya sa yatsa ya karkata gabansa ƙasa cikin fo. Za ki maimaita wannan sau da yawa kafin ya zauna masa.

A nan al'adarmu ta sauƙaƙa mana. Namiji a ƙasar Hausa a tsugunne yake fitsari, don kiyaye tufafi daga fantsalin najasa, saboda haka daga fo zuwa tsugunno taki ɗaya ne. Tsugunno kuma yana taimaka wa kashi ya fita ba yunƙuri mai yawa. Amma da zarar ya fara fita ƙofar gida zai ga wasu yara suna yi a jikin bango a tsaye, kuma zai so ya gwada. Nan ne ake bukatar uba. Uwa za ta faɗa sau goma, amma idan Baba ko Baffa ko yayansa namiji ya kama hannunsa ya kai shi, ya ce "Mu maza haka muke yi, tsuguna, ɗage rigarka", sau ɗaya ya wadatar. Ina roƙon iyaye maza kada su ɗauki wannan aikin mata ne kaɗai. Kai ne abin koyinsa, kuma kai ne za ka riƙa tafiya da shi masallaci nan gaba kaɗan.

A koya masa ya ɗan jira bayan ya gama har ɗigon ya tsaya kafin a zuba ruwa. Yara maza akwai gaggawar komawa wasa, ɗigon ƙarshe a wando yake ƙarewa.

## Tsarki da wanke hannu

Da farko ke za ki yi masa, kina faɗin abin da kike yi: buta a dama, wankewa da hagu. Tsarkin fitsari zai iya karɓa da wuri. Na kashi kuwa ki ci gaba da yi masa ko ki duba bayan ya yi, har wajen shekara 4 zuwa 5, domin hannunsa bai gama kaiwa ba. Idan ba a yi masa kaciya ba, a wanke waje kawai. Kada a ja fatar baya da ƙarfi, a ƙananan yara manne take, kuma jan ta yana yaga ta.

Addu'ar shiga da ta fita, da shiga da ƙafar hagu a fito da dama, ki riƙa yi a bayyane yana ji yana gani, zai ɗauka da kansa. Amma kada ki tsayar da yaron da ya matsu a bakin ƙofa wai sai ya karanta.

Bayan tsarki sai sabulu, hannu biyu, har tsakanin yatsu, kamar daƙiƙa 20. Ke ma haka. In sabulu ya yanke, toka ta fi ruwa zalla. Abin da ke cikin fo kuma a juye shi a masai nan take, a wanke fo ɗin da omo a kife shi a rana. Akwai masu ganin kashin yaro ba ya cutarwa, sai a watsa a kwata ko bola ko a bar wa kaji. Ƙwayoyin cutar gudawa da kwalara da ƙwan tsutsar ciki suna cikinsa kamar na babba, kuma ƙuda ba ya bambancewa. Duk wanda ya zauna a Bauchi ya san yadda amai da gudawa ke shiga unguwanni da damina.

## Idan ya yi a ƙasa

Zai yi, kuma ba sau ɗaya ba. Idan kin gan shi yana cikin yi, kada ki daka masa tsawa. Ya tabbata a hadisi cewa wani balaraben ƙauye ya yi fitsari a cikin masallaci, sahabbai suka taso masa, Annabi (SAW) ya hana su katse shi, da ya gama ya sa aka zuba guga na ruwa a wurin, sannan ya kira shi ya yi masa bayani cikin taushi. Wancan babban mutum ne, a masallaci. Ina ga ɗan shekara 2 a tsakar gidan uwarsa? Ki ce, "Fitsari a fo ake yi. Zo mu canja wando." Ki wanke wurin, shi ke nan.

Duka yana da wani sakamako da iyaye da yawa ba su sani ba. Yaron da aka mara saboda kashi ba ya fahimtar wurin ne aka ƙi, yana ɗauka kashin kansa ne laifi. Sai ya fara riƙewa. Kashin da ya daɗe a hanji yana bushewa ya yi tauri, ranar da zai fita ya yi zafi, wani lokaci har da ɗan jini, sai tsoron ya ƙaru ya sake riƙewa. Idan abin ya yi nisa, mai ruwa-ruwa yakan zurara ta gefen mai taurin ya ɓata wando ba tare da yaron ya sani ba, uwa ta ɗauka gudawa ce ko ganganci, ta ƙara duka. Cikakken hanji kuma yana danne mara, sai fitsarin ma ya riƙa kufcewa.

Alamar riƙewa ita ce ki ga ya miƙe a kan yatsun ƙafa, ya matse cinyoyi, ya sandare, ko ya yi kwanaki bai yi ba, ko ya yi ƙanana masu tauri. Ki ƙara masa ruwa, gwanda, kankana, lemo da mangwaro a lokacinsa, miyar kuka, kuɓewa, zogale, alayyafo, wake da dankali. Ki rage biskit, burodi da taliyar leda. Idan ya ce sai an sa masa famfas zai yi kashi, ki sa masa, ya yi a kusa da fo, ku je tare ku juye a masai. Bayan kwanaki ki sa ya zauna a fo da famfas ɗin a jikinsa, daga baya a kwance shi. Kada ki tura masa sabulu a dubura, kada ki ba shi kanwa ko jiƙon wankin ciki. In abinci bai warware ba cikin 'yan kwanaki, likita yana da maganin da ya dace da yara.

Idan an yi mako 2 kullum kuka, kullum gudu, babu ci gaba ko kaɗan, ki mai da famfas ba tare da gori ba, ki huta wata guda.

## Daga fo zuwa masai, da fita waje

Masai mai rami abin tsoro ne ga ƙaramin yaro, kuma yana da gaskiya: ga duhu, ga kyankyasai, ga baki mai faɗin da ƙafarsa za ta iya zurmawa. Kada ya shiga shi kaɗai, a rufe bakin ramin da murfi, a sa wa ƙofar sakata daga sama. Ki fara matsar da fo ɗin zuwa bakin makewayi, sannan ciki, kafin ya fara tsugunnawa kina riƙe da hannunsa. Mai masan zama na tangaran ta sa masa 'yar kujera ya taka, kuma kada a ja ruwa yana kai, ƙarar tana firgita wasu. Bokiti ko baho mai ruwa kada a bar shi a buɗe inda yaro ke shiga, ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi in ya faɗa da ka.

Idan za ku fita, ya yi kafin ku tashi, ki riƙe wanduna 2 da leda a jaka. Doguwar tafiya, kamar zuwa Jos ko Gombe ko Azare a motar haya, ba laifi a sa masa famfas, ki dai gaya masa na hanya ne. In yana zuwa nazare ko islamiyya, ki sanar da malamarsa kalmar da yake amfani da ita, ki roƙa a riƙa kai shi ba sai ya nema ba, ki kuma leƙa bayin makarantar da idonki.

## Dare

Bushewar dare daban take da ta rana, ba a koyar da ita, jiki ne ke kaiwa. Kusan yara 15 cikin 100 'yan shekara 5 suna fitsarin kwance, maza sun fi yawa, kuma yana bin gado, sau da yawa in aka bincika uba ko kawu ya yi. Ki bar masa famfas na dare har sai kin ga yana tashi a bushe kwanaki a jere. Ya sha yawancin ruwansa da rana, a rage kunu da shayi da lemon kwalba bayan magariba, ya yi fitsari dab da kwanciya, a ajiye fo da fitila kusa da shimfiɗarsa. Kiran yaro amalala, tara masa yara, tsorata shi da ɗaura kwaɗo, ko shanya tabarmarsa don a gani, babu wanda ke busar da katifa. Yana barci abin ya faru, bai san ya yi ba.

## Lokacin zuwa asibiti

Ki kai shi idan yana kuka ko yunƙuri wajen fitsari, ko fitsarin na fita siriri ko ɗis-ɗis, ko yana wari sosai tare da zazzaɓi. Jini a fitsari ba alamar girma ba ce. Ga yaran da ke wasa a rafi ko kududdufi ko bakin dam yana iya zama tsagiya, kuma tana da magani. Yaron da ya yi watanni a bushe sannan ya koma jiƙawa, musamman in yana yawan shan ruwa yana ramewa, a gwada masa sukari ba tare da jinkiri ba. Ƙaiƙayin dubura da dare yakan zama tsutsar ciki. Mai sikila yakan yi fitsari da yawa saboda yadda ciwon ke shafar ƙoda, shi kam ko kusa kada a rage masa ruwa, a gaya wa likitansa a ranar asibiti. Haka kuma idan ya kai shekara 4 bai iya riƙewa da rana ba, ko fitsarin kwance ya wuce shekara 7, ko yana damun yaron tun kafin nan. Ki fara da asibitin unguwarku, in da bukata za su tura ku sashen yara na Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU). Kafin ki je, ki rubuta sau nawa yake fitsari da kashi a kwana 3 da suka wuce da abin da yake ci da sha, domin su likita zai fara tambaya.